Gandun Dajin Yankari

A zamanin da, in mutum ya fita ƙofar gari ya yi tafiyar rabin yini, to, ya shiga dawa ke nan. Fatake ba su bin hanya sai sun haɗu sun yi ayari, in sun sauka a zango kuwa sai su hura wuta ta kwana tana ci, don tsoron zaki da kura. Manomi yakan yi sammako ya tarar da sawun gwanki a bakin gonarsa. Mata masu zuwa itace sukan hangi barewa tana tsalle, ba su ko tsayawa kallonta, gama abin yau da kullum ne.

Yau ba haka abin yake ba. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ci daji, an sare itatuwa, bindiga kuma ta yawaita a hannun maharba. Namun daji suka yi ta ja da baya, har suka ƙare ƙaƙaf a wurare da dama. Yaron yanzu ya san zaki a tatsuniya, ya san giwa a hoton littafi, amma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa ganinsu a inda Allah ya ajiye su.

Saboda haka hukuma ta keɓe waɗansu dazuzzuka, ta yi musu iyaka, ta hana farauta da noma da kiwo da saran itace a cikinsu. Irin wannan wuri shi ake kira gandun namun daji. Ya bambanta da gidan dabbobi na cikin birni, irin wanda ke Kano. A gidan dabbobi, dabba ce ke cikin keji, mutum yana yawo yana kallonta. A gandu kuwa dabba ce ke yawo yadda ta ga dama, mutum yana zaune a cikin mota. Watau a can mutum baƙo ne, namun daji su ne masu gida. Cikin gandayen ƙasar nan babu wanda ya yi suna kamar Yankari.

Inda Yankari Yake

Yankari yana cikin Jihar Bauci, a ƙasar Alƙaleri, kudu maso gabas da birnin Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Da za a daidaita shi ya zama mai kusurwa huɗu, da kowane gefe ya kai kilomita 47, watau tafiyar yini guda cur ga mai ƙarfin ƙafa.

A shekarar 1956, zamanin da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa, gwamnati ta yarda a keɓe wannan daji domin namun daji. Aka ɗauki shekaru ana sharar hanyoyi, ana gina masauki, kana aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin manyan gandayen ƙasa. A 2006 kuma aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauci.

Mai niyyar zuwa daga Bauci zai bi hanyar Gombe har Dindima, inda gada ta ƙetare Kogin Gongola. A wannan yanki hanya take rabuwa, ta yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. A ƙofa ake biyan kuɗin shiga, a rubuta sunan baƙo. Daga nan sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai zuwa masaukin da ake kira Wikki. Duka duka tafiyar ta kai kimanin kilomita 110.

Da an wuce ƙofa sai a ga ƙasa ta sake. A waje gonaki ne fetal, da ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi. A ciki kuwa itatuwa ne iyakar ganin ido: kawo, da ƙirya, da marke, da baushe, da taura, da taramniya, ga gamba ta cika tsakaninsu. Wanda ya dubi wannan gefe, ya dubi wancan, ya ga yadda ƙasar take kafin gatari ya shige ta.

Lokacin Zuwa

Ba kowane lokaci ya dace da kallon namun daji ba. Damina a Yankari takan faro wajen watan Mayu, ta ɗauke wajen Satumba. A wannan lokaci daji yana da kyan gani, ko'ina kore shar, amma mai neman dabba yakan sha wuya. Dalili biyu ne. Na farko, ciyawa ta yi tsawo har ta shanye mutum, ganye ya yi duhu, ɓauna tana iya tsayawa kusa da hanya ba a gan ta ba. Na biyu, ruwa ya kwanta a kowane kwari, dabbobi sun watsu cikin daji, kowace tana sha a inda take.

Da rani kuwa sai abin ya juya. Ciyawa ta bushe, itatuwa sun kakkaɓe ganye, tafkuna sun ƙafe. Ba abin da ya rage sai Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun. Gaji ba ya ƙafewa, domin maɓuɓɓugai ne ke ciyar da shi. A gaɓarsa akwai fadamu masu ɗanyar ciyawa da kurmi mai inuwa. Ƙishirwa takan koro dabbobi daga gabas da yamma, su taru a wannan kwari. Don haka daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta, shi ne lokacin da aka fi ganinsu. Gaji shi ne ran Yankari, ba don shi ba da gandun bai riƙe rabin abin da yake riƙe da shi ba.

Cikin yini ma akwai sa'a. Namun daji sun fi motsi da sassafe da kuma bayan la'asar. Da tsakar rana sukan shige inuwa su kwanta. Mai son barcin safe, sai ya tarar kasuwa ta watse.

Fita Kallo

Ba a barin baƙo ya shiga daji shi kaɗai. Akan fita a buɗaɗɗiyar mota tare da jagora daga cikin ma'aikatan gandu. Mota tana tafiya sannu a hankali, jagora yana duban ƙasa, yana duban itatuwa, yana kasa kunne. Abin da baƙo yake gani ƙura ce kawai, shi jagora karatu yake yi a cikinta. Sawu mai faɗin faifai na giwa ne. In kashinta da ɗanshi, ba ta yi nisa ba. Reshen da aka karya, ganyensa bai yi yaushi ba, shaida ce ta wuce da asuba. In birai suka ɗau haushi a kan itace suna duban wuri ɗaya, akwai abin da suka gani.

Dabbobin da aka fi saurin gani su ne gwambaza, mai kauri da furfurar gashi, wadda ba ta nisa da ruwa. Da mazo, ja mai zane-zanen fari, wanda ke laɓewa a bakin kurmi. Da gada 'yar ƙarama, wadda takan yi wuf ta faɗa duhuwa. A fili akan ga kanki mai dogon fuska, da gwanki, babba mai kama da doki, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya kamar lauje. Ɓauna, wadda maharba ke yi wa kirari da saniyar sake, tana tafiya garke-garke. Kallon saniya gare ta, amma ba halin saniya ba, tsofaffin maharba sun fi shakkarta bisa dabbobi da yawa. A gurbin ruwa mai zurfi akwai dorina, da rana ba a ganin komai nata sai idanu da kunnuwa, da dare take fitowa kiwo. Kada kuwa yana kwance a kan yashi kamar gungume.

Zaki yana nan, amma kaɗan ne suka rage, ganinsa sai an yi sa'a. Baƙi da yawa iyakarsu su ga sawunsa a kan hanya, ko su ji gurnaninsa daga nesa cikin dare.

Tsuntsaye ma ba a bar su a baya ba, an ƙidaya fiye da iri 350 a cikin gandun. Ga zabin daji suna gudu a gaban mota, ga burtu yana takawa kamar basarake, ga cilakowa, ga carki a kan bayan ɓauna yana cire mata kaska.

Wani baƙo yakan fita sau ɗaya, in bai ga giwa ba sai ya ɓata rai, ya ce an cuce shi. Wannan bai fahimci wurin ba. Babu mai iya kiran naman daji ya zo ya tsaya a kalle shi. Wanda ya yi shiru, ya zuba ido, ya sake fita gobe, shi ke komawa gida da labari. Mahaƙurci mawadaci.

Giwa

Giwa ita ce abin alfaharin Yankari, garkenta yana cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya. Babu dabbar da ke tafiya a bisa ƙasa da ta kai ta girma. Babban toro yakan kai nauyin tan 6. A yini guda giwa tana iya cin ganye da ciyawa da ɓawon itace na kilo 150, ta sha ruwa fiye da lita 100. Abin da ake kira hannun giwa hancinta ne haɗe da leɓen sama. Da shi take shaƙar iska, da shi take karya reshe, da shi take zuƙo ruwa ta zuba a baki. Haurenta kuwa haƙora ne da suka yi tsawo. Kunnuwan nan nata fafaɗa mafici ne, in ta kaɗa su jinin da ke ciki yakan huce, jiki ya yi sanyi.

Garken giwaye na mata ne da 'ya'yansu, tsohuwa ce ke shugabancinsa. Ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da ke da hatsari. Maza in sun girma sukan ware. In aka kashe tsohuwar, garke ya yi hasarar abin da ta sani, ya dinga gararamba.

Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda mai nauyin kilo 100 ko kusa da haka, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. A nan hatsarin yake. Maharbi yana iya kashe giwa cikin ƙiftawar ido, amma kafin a sami madadinta sai an yi shekaru da yawa.

Kada a ce giwa ba ta da amfani sai ci. Ita ke buɗe hanyoyi cikin kurmi, ƙananan dabbobi su bi. Tana haɗiye 'ya'yan giginya da aduwa, ta kai ƙwallonsu nesa, ta yar da su cikin kashinta, su tsiro da takinsu. Haka kowace dabba take da aikinta. Zaki yana rage masu cin ciyawa don kada su yi wa makiyaya yawa. Kura da ungulu suna share mushe, cuta ba ta yaɗuwa. In aka zare ɗaya, sauran sai sun ji a jikinsu.

Ruwan Wikki

Ƙarƙashin tudun da masauki yake, akwai matakala mai gangarawa zuwa wani kwari mai inuwa. A nan ruwa yake fitowa daga gindin wani dutse, garau kamar hawaye, har ana ganin farin yashin da ke ƙasansa. Shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Faɗinta ya kai mita 13, zurfinta a bakin dutsen ya kusa mita 2, amma can gaba ruwan yana raguwa. An ƙiyasta tana fid da ruwa lita miliyan 21 kowace rana, watau cikin duro 105,000, duk yana gangarawa zuwa Gaji.

Abin mamakin wannan ruwa ɗuminsa. Bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100, zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, na ruwan Wikki kuwa 31. Haka yake dare da rana, rani da damina. Da hunturu, sa'ad da ruwan randa ke yanka hannu, mai wanka a Wikki ba ya son fitowa.

To, wa ke ɗumama shi? Ga yadda abin yake. Dutsen da ke ƙarƙashin Yankari irin na yashi ne, yana shan ruwa kamar yadda sabon tulu ke sha. Ruwan sama yakan nutse cikinsa sannu a hankali, ya yi ƙasa ƙwarai. Cikin ƙasa kuwa da zafi, kowace kilomita guda da aka nutsa zafi yakan ƙaru da wajen digiri 25 zuwa 30. Ruwan ya ɗauki wannan ɗumi, in ya sami tsaga sai ya ɓullo waje. Yashin da ya ratsa shi ya tace shi, shi ya sa ya fito garau. Da yake daga can ƙasa yake tahowa, sanyin hunturu da zafin bazara ba su isa gare shi. Ban da Wikki akwai waɗansu maɓuɓɓugai masu ɗumi a cikin gandun, kamar Dimmil da Nawulgo, amma Wikki ta fi su girma.

Mutanen Da

Yau ba gari a cikin Yankari, amma dā an zauna. A jikin wani dutse akwai koguna 59 waɗanda mutane suka sassaƙa da hannunsu. Ƙofar kowane ƙarama ce, sai da rarrafe ake shiga, amma ciki ɗaki ne. Ana kiransu Kogunan Marshall, da sunan Baturen da ya bayyana labarinsu a 1980. Masana suna ganin maɓoya ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi. A wani wuri mai suna Dukkey akwai rijiyoyi fiye da 130 da aka haƙa kusa da juna, waɗansu suna haɗe ta ƙasa, domin ajiyar ruwa. A Shau Shau da Ampara kuma akwai tsofaffin tanderu na yumɓu inda aka narka tama aka fid da ƙarfe. Duk waɗannan shaida ne cewa mutanen da suka zauna nan masu fasaha ne. Gado ne na kowa, bai kamata baƙo ya kankare sunansa a jikinsu ba, ko ya ɗauke wani abu ya tafi da shi.

Ladabin Baƙo

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka ta tashi, ba ta ɓata ganyen da ta kwana a kai. Ga ladabin da ake bukata ga mai ziyarar gandu, kowane da dalilinsa.

Kada ya sauka daga mota sai jagora ya yarda. Namun daji sun saba da mota, ba su damu da ita ba, amma in suka ga mutum a ƙasa sai su gudu ko su kawo hari. Giwa mai ɗa da ɓauna mai rauni ba su da wasa.

Kada ya ɗaga murya. Kunnen dabba ya fi na mutum ji, surutun mutum ɗaya yakan kori abin da mutum ashirin suka zo gani.

Kada ya ba dabba abinci. A masaukin Wikki, gadu da bika, watau babban birin nan da waɗansu ke kira gogo, suna yawo tsakanin ɗakuna. Baƙi ne suka saba wa bika da abincin mutane, har ya zama ɓarawo. Yana fizge ƙunshi daga hannun yaro, yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe, cizonsa kuwa mugu ne. Wanda ya miƙa masa ayaba yau ya jawo wa baƙon gobe wahala.

Kada ya yar da leda ko kwalba, gama dabba takan haɗiye leda ta toshe mata ciki. Kada ya yar da ashana ko guntun taba, domin da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji.

Ya tafi da ruwan sha da hula, ya sa tufafi masu rufe jiki, masu launin ƙasa. A bakin kurmi akwai ƙudan tsando, shi kuwa baƙin tufafi da shuɗi suna jawo shi. Yara kuma kada su shiga ruwan Wikki sai da babba a kusa.

Abin Da Ke Damun Gandun

A masaukin Wikki akwai ɗakin kayan tarihi. A ciki an ajiye fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da makaman da aka ƙwace daga masu farautar sata. Wanda ya shiga ɗakin nan ya san gandun yana da abokan gaba.

Dā akwai raƙumin dawa a Yankari, akwai kyarkeci. Yau babu ko ɗaya. Giwaye ma sun ga ta kansu. Ko da yake ƙasashen duniya sun hana cinikin haure a tsakaninsu tun 1989, ɓarayi ba su daina ba. A ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2006 an sami giwaye wajen 350. Bayan shekaru kaɗan sai aka ƙiyasta waɗanda suka rage tsakanin 100 da 150 ne kawai.

Ban da farauta akwai matsalar kiwo. Burtali da makiyaya sun ƙuntata a waje, makiyayi ya ga ciyawa da ruwa a cikin gandu, sai ya kora shanunsa ciki. Shanu su cinye abincin ɓauna da gwanki, su kuma yi musayar cuta da su. A 1983 da 1984 bushiya ta auka wa shanun ƙasar nan, ta shiga Yankari ta kashe ɓauna da gadu masu yawa. An kawar da wannan cuta daga duniya, aka yi shelar haka a 2011, amma akwai waɗansu cututtukan.

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ma suna da kukansu, kuma kuka ne na gaskiya. Yankari ba shi da shinge. Da kaka giwaye sukan fito su faɗa gonakin dawa da masara, a dare ɗaya su cinye wahalar shekara. Manomin da ya wayi gari ya ga gonarsa a kwance, da wuya a ce masa giwa abar so ce. Gandu ba ya zama lafiya sai maƙwabtansa sun ga amfaninsa, ta wajen aikin yi da ciniki da taimako in ɓarna ta auku.

Masu gadin gandu su ke tsaye tsakanin waɗannan duka. Sukan yi kwanaki suna sintiri a ƙafa, suna kwana a daji, suna arangama da masu bindiga, waɗansunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauci ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS, don a ƙarfafa sintiri. Aka ɗaura wa waɗansu giwaye abin wuya mai na'ura, wadda ke nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Da haka masu gadi ke sanin inda za su tsare, a kuma gargaɗi manoma in garke ya doshi gonaki. Bayan wannan, kisan giwaye ya ragu ƙwarai.

Akwai misali a maƙwabta da ke nuna kiyayewa tana da amfani. A yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma sun ragu har ba su kai 50 ba a 1996. Hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka tsare su. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai ga su sun wuce 600. Su an cece su ne domin an farga tun da sauran iri. Na Yankari kuwa ba a farga ba sai da suka ƙare. Rigakafi ya fi magani.

Amfanin Ziyara

Tafiya mabuɗin ilimi ce. Ɗan makarantar da ya karanta labarin giwa sau goma, bai kai wanda ya tsaya ya ga garke yana ƙetare Gaji ba, tsohuwa a gaba, 'yan ƙanana a tsakiya. Gani ya kori ji. Kuɗin da baƙi ke biya yana taimakon gandu, zuwansu yana kawo ciniki ga mutanen wurin, kuma dajin da mutane ke ziyarta ba a saurin mantawa da shi.

Yankari amana ce. Waɗanda suka keɓe shi a 1956 sun riga mu gidan gaskiya, kamar yadda akan ce, amma abin da suka ajiye yana nan, shi ya sa yaron yau zai iya zuwa ya ga giwa. Ko yaron gobe zai gan ta, ko kuwa sai dai a nuna masa ƙashinta a ɗakin kayan tarihi, wannan yana hannun 'yan makarantar yanzu, gama daga cikinsu za a sami manoma da makiyaya da masu gadi da masu mulki.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gandun namun daji da gidan dabbobi?
2. A wace shekara aka keɓe Yankari, a wace shekara aka buɗe shi ga baƙi?
3. Don me aka fi ganin namun daji da rani?
4. Bayyana yadda ruwan Wikki yake samun ɗuminsa.
5. Me ya sa garken giwaye ba ya saurin cikowa in an rage shi?
6. Kawo ladabi uku na mai ziyarar gandu, da dalilin kowane.
7. Mene ne kukan manomi, mene ne na makiyayi? Yaya za a share musu hawaye ba tare da an cuci namun daji ba?